Bakin da Ilu Ya Gyara

Labaran ɗan Rabo, kai ka ɓata Ilu. Kai ka kira shi maye a gaban mutanen Barkiya, da rana tsaka, kana sane ƙarya kake yi. Malam Sa'idu, rubuta haka nan yadda na faɗa, kada ka shafa masa man shanu. Ni Kande ta Tamawa ban san baƙi ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na san abin da idona ya gani. Ina so a karanta wannan ranar kasuwar Kurfi, wajen rumfar masu goro, inda kunnuwa suka fi yawa.

Sai dai kafin in dawo kanka, Labaran, bari mutane su san wanda ka ɓata. Da yawa sun ci moriyarsa, ba su taɓa tsayawa sun dube shi ba.

Ilu tare da duwatsun niƙa yake tashi. In ya idar da sallar asuba ba ya komawa ɗaki. Sai ya ja buzunsa bayan danga, ya jingina da kututturen gawo, ya rufe ido, ya saurari gari. Gida-gida mata sun durƙusa a kan dutse, kowane dutse da irin muryarsa, wani gurnani, wani shessheƙa, wani kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa. Yakan ce wa matarsa Ramlatu, "Na gidan Atiku ya yi santsi, gero zamewa yake yi. Na bayan masallaci kuwa yashi yake zubarwa, bana za su zo mini da haƙora."

Ramlatu ta ce, "Mutane na jan tasbaha, kai kana sauraron tsakuwa."

Ya ce, "Ita ma tata take ja."

Sana'arsa ta gado koɗa ce. Dutsen niƙa in ya tsufa ya yi sulɓi, shi ake kira ya zo da 'yar gudumarsa ya sassare fuskarsa, har ya sake kama hatsi. Shi ya sa ake ce masa Ilu Makoɗi. Daga Barkiya har Wurma, har gindin duwatsun Dutsin-Ma, babu gidan da tuwonsa bai bi ta hannunsa ba. Amma akwai wani aikin da ba wanda ya bar masa gado, shi ya tsinto abinsa a dawa.

Yana saurayi, tun kafin Nasara su zo, yakan bi shanun wani Bafulatani kiwo. In rana ta take, shanu suka kwanta suna tuƙa, shi ma sai ya kwanta ruf da ciki a gabansu, haɓa a kan hannu, yana kallon bakinsu har barci ya fara ɗibarsa. A tsakanin barci da ido biyu ya ga abin. Muƙamuƙin saniya ba sama da ƙasa yake tafiya ba, gefe yake zuwa, ya goga, ya dawo, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ya sa yatsa a nasa bakin, ya kai haɓarsa dama, ya kai ta hagu, ya ji ashe shi ma haka ne. Tun daga ranar bai sake kallon fuskar mutum ba tare da ya yi tunanin abin da ke gudana a ciki ba.

Na sha jin shi yana faɗa wa masu ciwo, da muryarsa ta mai ba yara tatsuniya. Yakan ce, "Baki ba ƙyaure ba ne, da za a ce buɗe, rufe, shi ke nan. Haƙoran can ciki an sa musu suna turame, amma ba daka suke yi ba, niƙa suke yi." Ya ce in mutum ya kai haɓarsa dama, fiƙar ƙasa ce ke fara taɓa ta sama, ta hau bayanta tana zamewa, kamar mace ta ɗauko tulu tana hawan falalen dutse. Tana hawa, tana ɗaga sauran haƙora daga kan juna, don kada su yi ta cin junansu a banza. Fiƙa ita ce jagora. In tsufa ya cinye ta, maƙwabtanta na wannan gefen sai su yi mata gayya, su raba nauyin a tsakaninsu.

Sai mai ciwo ya ce, "To na can gefen da aka baro fa, Baba Ilu?"

"Waɗannan surukai ne. Suna wucewa dab da juna, amma ba mai taɓa wani. Ran da ɗaya ya yi rashin kunya ya miƙa hannu, ran nan ciwon kai ya shigo gida, kunne ya kama kuka, muƙamuƙi ya dinga ƙaras-ƙaras."

Yadda yake kama mara kunyar nan shi ne abin kallo. Sai ya yanko siririn ganyen kaba, ya shafa masa baƙin tukunya da ɗan mai, ya sa tsakanin haƙora, ya ce, "Yi tuƙa irin ta saniya." Inda baƙi ya kwanta a wurin da bai kamata ba, nan zai bi da ɗan magagarin da maƙeri ya yi masa, ya goge kaɗan, kamar mai share ƙasa daga fuskar jinjiri. Sa'an nan ya ɗauko kakin zuma da ya yi laushi a rana, ya ce a ciza, a ja gefe. Sawun haƙoran ya fito a jiki. Wannan kakin yakan ajiye shi a wata ƙwarya da ke rataye a ragaya, don in mutum ya dawo bayan shekaru ya gwada ya ga abin da zamani ya ci.

Ƙwaryar nan, Ramlatu ta ce mini, in ya rasa abin yi da azahar yakan sauko da ita ya baje a tabarma. Ba ya sa musu wata alama, ya san kowa da cizonsa. Ya ɗaga wannan a hasken ƙofa ya ce, "Ga mai ganga, duk a hagu yake tauna saboda yana rataya ta a dama." Ya ɗaga wancan ya shafa shi da yatsa. Akwai na waɗanda yunwar nan ta kwashe, akwai na waɗanda suka tafi gabas aikin hajji ba su dawo ba. Akwai wani ɗan ƙarami, duk ya yi giɓi-giɓi, wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Na uwarsa ne. Yakan riƙe shi a tafin hannu, ya ce kamar yana jin ta tana tsotsar tsamiya tana masa faɗa.

Ku mutanen Wurma, ku tuna Huseina mai guɗa. Ana bikin aure ta ɗaga kai ta saki guɗa, guɗa ta ƙare, baki ya ƙi rufuwa. Ta tsaya haka nan, yawu na zuba, mata na cewa iska ce ta buge ta. Aka aika Barkiya. Ilu ya zo a ƙasa, gudumarsa a kafaɗa don daga wani gida aka tare shi. Ya naɗe manyan yatsunsa da tsumma, ya zura su can ciki, ya danna ƙasa, ya tura baya, sai ji muka yi ƙas. Mata suka fara murna, ya ɗaga musu hannu. Ya kara kunnensa a kumatunta ya ce, "Kai shi dama, Yaya Huseina. Kai shi hagu." Ya saurara kamar mai sauraron ƙasa ko akwai ruwa a ƙarƙashi. Sai da ya gamsu ya ce ta yi magana.

Ta ce, "Kai Ilu, ka wanke hannun nan kuwa?"

Ya ce, "Da na san abin da zai fara fitowa ke nan, da na bar shi a buɗe."

Har yau Huseina na guɗa. Ban ji ta buɗe bakin nan ta yi magana a kansa ba ran da aka tozarta shi, amma ba ita nake nema yau ba.

Yanzu ga inda ni na shigo. Da aka ce Nasara na son a fasa hanyar da mota za ta bi, aka shiga diban samari gida-gida, aka ɗauki autana Jibo. Aka sa su fasa dutse a Dutsin-Ma suna ɗauka a ka. Labaran ne aka ba sanda aka ce shi ke kan 'yan wajenmu. Labaran ɗin da na goya ran da uwarsa ta tafi suna, ya yi mini fitsari a baya. Wata rana da la'asar aka kawo mini Jibo a kan jaki, haɓarsa ta karkace ta koma gefe, ba ya iya haɗiyar yawu. Aka ce daga kan dutse ya faɗo. Ban tsaya kuka ba, na juya akalar jakin sai Barkiya.

Ilu ya kwantar da shi a zaure, ya ɗora kansa a cinya. Da wani maɗori ne, da ya haɗa ƙashi ya ɗaure, ya ce an gama. Shi kuwa sai da ya haɗa, ya riƙe da tafin hannu biyu, ya matsar da haɓar gefe kamar faɗin ƙwayar gero, ya dawo da ita, yana leƙen fiƙa ko ta sami hanyarta. Ya ce mini, "Yaya Kande, in na ɗaure shi a rufe kawai, zai warke ya rufe baki lafiya, amma ba zai sake tauna nama ba. Gara ya sha wuya yanzu." Jibo na nishi, ni ina zagin Ilu a cikin raina, Allah ya yafe mini. Ya naɗe shi da rawaninsa na kansa, ya ce kunu kawai, ta cikin kara mai huda.

Ana cikin haka dattawan unguwa suka taru a ƙofar zaure, Labaran ma ya iso, wai ya zo jin yaushe yaro zai koma aiki. Wani dattijo ya ce, "Makoɗi, faɗuwa ce haka?"

Ilu bai ɗaga kai ba, yana ƙulla rawani. Ya ce, "Wanda ya faɗi, haɓa yake bugawa, haƙoran gaba ke tafiya. Na gaba kuwa ga su nan lafiya. Wannan daga gefe aka zo masa, da abu mai tsawo." Ya ja ƙulli ya ƙara da cewa, "Dutsen nan dai da hannu gare shi."

Bai ambaci sunan kowa ba. Amma duk idon da ke wurin sai da ya sauka a kan sandar Labaran, kuma na ga Labaran ya mayar da ita bayansa. Ba a yi masa komai ba, wa zai yi? Mai sandar Nasara ne. Sai dai tun daga ranar in ya wuce majalisa, wani ya yi tari, wani ya ce, "A yi hankali da dutse." Abin ya zauna masa a wuya kamar ƙayar kifi.

Damina ta zo ta fara wucewa, Jibo ya warke. Ran da na kai shi Barkiya a yi masa dubawar ƙarshe, ran nan abin ya faru, shi ya sa ba ji na yi ba, gani na yi.

Labaran na da ƙanwa, Aishatu, tana aure a nan Barkiya. Zazzaɓi ya kwantar da ita, fuska ta kumbura har ido ya shige, haƙora suka datse. A cikin zafin jiki ta dinga kira, "Baba Ilu, Baba Ilu." Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake cewa: wanda maye ya kama wa kurwa, sunan mayen yake kira. Yarinyar nan kuwa Ilu ya taɓa goge mata haƙori tana budurwa, ta ji sauƙi. Ciwo ya dawo, ta kira wanda ta sani. Ko jinjiri in ya ji yunwa uwa yake kira, ba a ce uwa mayya ce ba. Labaran ya san haka. Amma ya sami abin da yake jira.

Ya zo da 'yan aikin hanya, suka faɗa gidan Ilu, suka fito da jakar kayan aikinsa da ƙwaryar nan. Ya kife ƙwaryar a ƙofar gida a gaban jama'a, kakin ya warwatsu, kowane da sawun haƙora a jiki. Ya ce, "Ku duba. Bakunanku ne ya tara. Mutum na tara bakin mutane don Allah? Wanda ya riƙe bakinka ai ya riƙe ranka." Mata suka ja da baya suna kama 'ya'yansu. Mutanen da suka ciji kakin nan da kansu, da rana, suna dariya, su ne suka tsaya suna kallonsa kamar yau suka fara ganinsa.

Labaran ya sa aka hura wuta aka zuba su. Ilu yana tsaye yana kallon yadda suke narkewa, mai ganga da alhazan da ba su dawo ba da waɗanda yunwa ta ci, duk suka kwanta suka zama ruwa guda mai ƙamshin zuma. Sau ɗaya kawai na ga ya motsa, ya miƙa hannu kamar zai ciro wani ƙarami daga gefen wuta, sai ya mayar da hannun. Ɗaya kuma ya gangaro ya tsaya a gefen ƙafata. Na rufe shi da zane, na sunkuya kamar mai gyara ɗauri, na ƙulle shi a haɓar zanena. Ban san dalili ba a lokacin.

Aka ce sai Ilu ya tsallake Aishatu, yadda ake sa maye ya saki kurwa. Suka tuɓe masa riga, tsoho mai jikoki, suka bar shi da ɗan bante, suka tasa shi gaba har gidan mijin Aishatu, yara na biye. An shimfiɗa ta a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Ramlatu ta kutsa ta kama hannunsa, ina kusa da su, na ji abin da ta ce.

"Malam, tsallake kawai ka fito. Kada ka taɓa ta. In ta tashi a hannunka, sun ce kai ne ka sake ta."

Ya ce, "In ban taɓa ta ba fa?"

"Allah na nan."

"Yana nan. Shi ya nuna mini kumburin nan tun daga ƙofa."

Ya tsallake ta, yadda suka ce. Sai maimakon ya wuce, ya juyo ya durƙusa a gefen kanta. Ya ce, "Aishatu, 'yata, ga ni. Buɗe gwargwadon iko. Madalla. Kai shi dama." Ta kai. "Kai shi hagu." Ta zabura ta yi ƙara. Ya zura ɗan yatsa ya laluba, idonsa a rufe, fuskarsa irin wadda yake yi da asuba bayan danga. Autan haƙori na sama, na can ƙurya, shi ne ya sauko fiye da 'yan uwansa. A rufe ba ya komai. Amma duk sa'ad da ta ja baki gefe sai ya soki naman da ya rufe na ƙasa, ya soka, ya soka, har wurin ya tara mugunya. Suruki ne ya miƙa hannu.

Ya ɗaga kai ya dubi Labaran ya ce, "Ɗan nan, jakata na hannun yaranka. Miƙo mini awartaki."

Ba Labaran ne ya miƙa ba, uwar Aishatu ce ta fizge jakar. Ilu ya cire haƙorin, ya matse wurin, abin da ya fito ba zan sa Malam Sa'idu ya rubuta ba. Ya ce a ba ta ruwan ɗumi da gishiri ta dinga kurkurewa. Ya tashi ya karɓi rigarsa daga hannun Ramlatu, ya sa, ya tafi gida a hankali. Kafin magariba Aishatu ta yi barci. Kafin sati ya zagayo tana daka.

Labaran ya bi majalisa-majalisa yana cewa, "Kun gani? Ya tsallake ta, ya sake ta." Da ta mutu, da ya ce ya cinye ta. Tarkon ba shi da ƙofa, kuma Ilu ya san haka tun kafin ya durƙusa. Aishatu da bakinta ta ce, "Ni na kira shi, don na san shi zai iya." Aka ce ai wanda maye ya kama, kare shi yake yi.

Yau in Ilu ya fito, yara na bin sa suna cewa, "Kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa." Mata sun gwammace su ɗora dutsen niƙa a jaki su kai Kurfi, ko su bar shi da santsinsa su ci tuwo mai tsaki. Jikarsa in ta je rijiya sai a janye guga, don an ce maita a nono ake shanta, ba ta mutuwa da mai ita. Gudumar tana ƙarƙashin gado. Har yanzu yana fitowa da asuba ya jingina da gawo ya rufe ido. Ramlatu ta ce leɓensa na motsi, yana kiran sunan gidaje, amma ya daina faɗa mata na wa ya yi santsi. Ya ce in aka kai hatsi rumbu zai kwashi iyalinsa su yi arewa, wajen Maraɗi, inda ba wanda ya san sunansa, ko jikokin su sami masu aurensu. Gero ya riga ya yi kai. Shi ya sa nake sauri.

Ilu, kai ne ka mayar mini da bakin ɗana. Jiya Jibo ya zauna a gabana ya tauna ƙashin guringuntsi, dama da hagu, ina kallonsa kamar yadda kake kallon shanun nan. Kai ne aka tuɓe wa riga ka durƙusa ka yi aiki. Kai ne ka ga sunanka a hannu ɗaya, ran 'yar mutane a ɗaya, ba ka tsaya awo ba. Makoɗi na Ramlatu, mai sulhunta sama da ƙasa. Na zage ka a raina sau ɗaya, ran da kake murɗa haɓar Jibo, yau na biya a bainar jama'a. Na gode. Allah ya saka maka, ya sanyaya kabarin tsohuwar da aka narkar maka da bakinta. Kada ka ɗaura kaya. Duwatsun Maraɗi ba su san ka ba, na nan kuwa kai suke jira.

Ku kuma samari masu zaman gindin bishiya, ku je ku zauna a gabansa tun yana nan, ku koyi ganyen kaba da kakin zuma, ku koyi sauraro kafin taɓawa. Ku mata, ku fito da duwatsunku ƙofar gida ku aika a kira shi. Duk wanda ya taɓa cizon kakin nan, kuma yana tauna tuwonsa lafiya, ya san bashin magana da ke kansa.

Saura kai, Labaran.

Kakin da ya gangaro ƙafata, na kai wa Ilu bayan ƙura ta lafa. Ya ɗaga shi a hasken ƙofa, kallo ɗaya ya yi. Ya ce, "Na Labaran ne. Fiƙar hagu ta karkace, ga giɓin turmi nan. Jakin ubansa ne ya harbe shi yana ɗan saurayi, Rabo ya kawo mini shi a goye." Ya miƙo mini ya ce, "Jefar da shi, Yaya Kande." Na ce ban ji ba.

Yana nan a haɓar zanena. Shekara da shekaru bakinka na rataye a ƙwaryar mutumin nan, kana ci, kana sha, kana ƙiba, har ka yi ƙarfin ɗaga sanda a kan ɗana. Wace kurwar taka aka ci? Bakin da ka yi masa sharri da shi, shi ya haɗa maka shi da hannunsa. Ba don shi ba, da ko kalmar maye ba ka iya furtawa.

Ranar kasuwa mai zuwa ina zaune wajen masu goro tun hantsi. Ka zo, ka bar sandar a gida. Ka buɗe baki a gaban dattawan Barkiya da na Tamawa, a gwada kakin nan da haƙoranka, kowa ya ga ko na wane ne. Sa'an nan ka kai haɓarka dama, ka kai ta hagu, ka ji yadda take tafiya ba gargada, ka faɗa mana da wannan bakin: Ilu maye ne, ko kuwa ƙarya ka yi?

Malam Sa'idu, ajiye alƙalami nan. Sauran daga bakin Labaran za mu ji shi.